Ramin da Ya Kashe Goɗiyar Lorna

Ƙarar bindiga ɗaya aka ji daga gangaren gonar Calvert da hantsin ranar Juma'a, kuma duk wanda ya ji ta a kwarin Kelbeck ya san ba zomo aka harba ba. Kafin Wilf Raine ya hau gangaren da tsofaffin gwiwoyinsa, likitan dabbobi ya riga ya mayar da bindigarsa cikin jaka. Goɗiyar da ya harbe, Tansy, na kwance a gindin katangar duwatsu, an rufa mata bargo a fuska. Ƙafarta ta gaba ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

Lorna Calvert, mai gonar, tana tsaye da laka har gashin kai, ta dafe kafaɗarta da hannu ɗaya. Ba ta kuka. Wilf ya san ta tun tana rarrafe, ya kuma san rashin kukan nata ya fi kukan muni.

"Kawu Wilf," ta ce, "zo ka ga aikin mutuminka."

Ramin shebur ne, ba na zomo ba, zurfinsa ya kusa kai cinya. An jera ƙirare a bakinsa, an ɗora ciyawar da aka yanke a kai, yadda wanda ke kan doki ba zai ga komai ba sai kore. Tansy ta taka, ƙasa ta buɗe, ta yi jifa da Lorna gefe guda. Wilf ya durƙusa ya leƙa. Ramin ya faɗa daidai kan hanyar zomaye ta ƙarƙashin ƙasa, ga gashin zomo a ciki, ga kuma warin nan da hancin maharbi ba ya ɓata. Feret, 'yar dabbar nan da ake zurawa rami ta koro zomaye, ta kwanta a wurin, wani ya haƙa ya ciro ta. Sawu kuwa babu, ruwan da aka kwana ana yi da garken tumaki sun gama da shi.

"Me kake nema kuma, tsoho? Ga sa hannunsa nan."

Clive Metcalfe ne, maƙwabcin gonar, wanda bai taɓa makara a wurin da wani ya shiga uku ba. Yana riƙe da ɗan turken da ake kafe ragar zomo da shi, wanda ya tsinta kusa da ramin, an ƙona masa tsaga biyu a kai. Yaro ma a Kelbeck ya san alamar Denny Hird mai kamun zomo ce.

"Ranar Litinin zan kira 'yan sanda," in ji Lorna. "Kuma da bakina zan faɗa wa kowa a kasuwar tumaki. Ya gama taka gonata."

"Ki ba ni lokaci zuwa Lahadi, 'yata."

"Kai ka tsaya masa, Kawu."

"Shi ya sa nake roƙo."

Ta dubi bargon da ke fuskar goɗiyar. Ita ta karɓi haihuwar Tansy da hannunta, a shekarar da mahaifiyarta ta rasu. "Lahadi, bayan coci," ta ce, ta juya.

*

A Kelbeck izinin farautar zomo ba takarda ba ce. Hannu ake bayarwa a ƙofar baya, kuma abin yana da ƙa'idojinsa, waɗanda tsoho Seth Calvert, mahaifin Lorna, ya cusa wa rabin mazan kwarin tun suna samari. Za ka zo da rana tsaka, ba kare, ba feret, ba raga a kafaɗa. Ka ƙwanƙwasa ƙofar baya, ka cire hula, ka roƙa. In an ba ka, duk ƙofar da ka buɗe ka rufe, duk ramin da ka haƙa ka cike, zomaye biyu na farko kuma na mai gona ne. In an hana ka, ka ce ka gode, ka mayar da hularka, ka tafi ba waiwaye. Sauran aikin bakin manoma ne ke yinsa: gona ɗaya ta rufe maka ƙofa, kafin mako ya zagayo duk kwarin ya rufe.

Denny Hird ya san wannan fiye da kowa. Yana saurayi ya yi zaman gidan yari saboda farautar sata, kuma Wilf ne ya kama shi, lokacin yana gadin dajin farauta. Da ya fito, ko inuwarsa ba a yarda ta tsallaka katanga ba. Wilf ɗin dai ne ya ja shi zuwa ƙofar Seth ya tsaya masa, Seth ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa hannu. Daga wannan hannun sauran gonaki suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, har Denny ya zama mai ciyar da mata da 'ya'ya da zomo da gyaran katanga. In gonar Calvert ta rufe, komai nasa ya rufe.

Wilf ya same shi a rumfar bayan gida yana ba feret ɗinsa nama. Sirara ne, dogaye, masu warin da ke bin rigar mutum har cikin coci.

"Ka ji?"

"Na ji. Matar shago ta ce mini burodi ya ƙare, alhali ina kallonsa a bayanta."

"Yaushe rabonka da gangaren?"

"Tun farkon wata."

Wilf ya ajiye turken a kan akwati. Denny ya kalle shi, bai taɓa ba.

"Nawa ne," ya ce.

"Na sani. Wa ka ara wa raga?"

"Ba na aro."

"Denny, tun kana saurayi ba ka iya ƙarya ba. Da ka iya ai da ban kama ka ba."

Denny ya ciro wani ɗan abin wuya daga ƙusa, da na'urar da ke tafiya da shi, ya girgiza su a fuskar Wilf. "Ni da nake da wannan? In feret ta kashe zomo a ƙasa ta kwanta a kai, na'ura ta nuna mini inda take, in haƙa rami ɗaya tak a kanta, in ɗauke ta, in cike, in daddale. Shekara nawa ina yi a gonar nan, ko tunkiya ta taɓa tuntuɓe?"

"To zo mu je ka faɗa wa Lorna haka, ka kuma faɗa mata wanda ya riƙe ragarka."

Nan take mutumin ya yi sanyi. Ya mayar da abin wuyan, ya juya wa Wilf baya. "Bar shi kawai, Baba Wilf. Ta yi abin da za ta yi."

"'Ya'yanka fa? Su ci duwatsun katanga?"

Denny ya ci gaba da ba feret ɗinsa nama. Wilf ya ji haushi ya kama shi, don ba abin da ya tsana kamar mutumin da ake jan sa daga ruwa yana ƙwacewa. Kafin ya fita ya ce a ara masa feret mace ɗaya. Denny, wanda ba ya aro, ya ɗauko wata 'yar fara ya zura masa a aljihun kwat ba tare da ya tambayi dalili ba.

*

A kicin ɗin gidan Calvert, tsoho Seth na zaune kusa da murhu, an rufa masa bargo daga ƙirji zuwa gwiwa. Tun da zuciyarsa ta buga masa kashedi a sanyin bara, likita ya hana shi wahala, Lorna kuma ta ƙara da nata: ta ba da feret ɗinsa kyauta, ta kulle shebur, ta ce iyakarsa tsakar gida. Mutumin da ya san kowane ramin zomo a kwarin ya koma ƙirga kaji ta taga.

"Maigida, ya jiki?" in ji Wilf. Har yanzu haka yake kiransa, ko da yake shi ma furfura ta gama da shi. A hannun Seth ya koyi bin sawu.

"Jiki na nan. An cike ramin?"

"Na ce a bar shi tukuna."

"A cike shi. Wata dabbar za ta faɗa."

Lorna ta zuba shayi da hannu ɗaya, ɗayan na rataye a wuya. Wilf ya tambaye ta ko ta ga wani a gangaren cikin makon. Ta ce ranar Alhamis tana gari wurin sayen maganin tumaki, ba ta dawo ba sai yamma.

"Kai fa, Maigida? Tagar nan tana kallon hanya."

"Barci na yi."

"Barci kam ya yi," in ji Lorna. "Na dawo na same shi fari fat, ko abinci bai ci ba. Rana ɗaya tak da na bar shi shi kaɗai."

Ta ajiye masa kofi a gefe. Bai fito da hannu ya ɗauka ba, ya bar shayin yana hucewa.

"Denny ba ya barin rami a buɗe," tsohon ya ce, yana kallon wuta.

"Baba, don Allah. Kai ka jawo mana shi, yau ga sakamako. Ɓarawo dai ɓarawo ne."

Seth ya buɗe baki, ya rufe. Wilf ya ɗauka baƙin cikin goɗiya ne, ya shanye shayinsa ya tashi.

*

Zuciyar Wilf ta riga ta karkata ga Clive Metcalfe, kuma gaskiya ya so a ce shi ne. Shekara da shekaru Clive na neman a ba shi harbin zomayen gonar Calvert ana hana shi, ya kuma sha faɗa a mashaya cewa sai ya ga bayan Denny. Satar turke ɗaya ba wuya ba ce. Da safiyar Asabar Wilf ya bi bayan katangar sama, inda tumaki ba sa zuwa, ya sami sawun tayar mota a laka da kwanson harsashi a cikin ciyawa. Ya tafi da shi gidan Clive yana jin daɗin da bai kamata ba.

Clive na wanke mota. Wilf ya ajiye kwanson a kan murfin injin.

"Naka ne. Ranar Alhamis, kan katangar Lorna, ba izini."

Clive ya yi ja har kunne. "Zomo biyu kawai na harba daga hanya. Yanzu a kan zomo biyu za ka rataye ni?"

"A kan goɗiya."

"Kai, tsoho, ka fara ruɗewa."

Wilf ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar farar feret ɗin, ya ajiye ta kusa da kwanson. Ta ɗaga hanci ta nufi hannun Clive. Ƙaton mutum ya yi tsalle baya, ya taka bokiti, ruwan sabulu ya cika masa takalmi.

"Ɗauke wannan ƙazantar! Ɗauke ta, ta taɓa cizo na har ƙashi!"

Wilf ya ɗauke ta ya mayar aljihu. Wanda ya haƙa ramin nan ya zura hannunsa har kafaɗa cikin duhu ya kamo feret a kan zomonta. Ko da bindiga aka tsare Clive ba zai yi ba.

"To me ka gani daga kan katangar?"

"Abin da na faɗa tun jiya ba wanda ya saurare ni. Na hango mutum can ƙasa cikin yayyafi, ya duƙa yana haƙa. Wa zai zama in ba Denny ba? Ya haƙa nan, ya tashi ya matsa gaba, ya sake haƙawa. Na ce a raina wannan zomo yake nema ko kabarin kakarsa."

"Ya matsa gaba ya sake?"

"Kurma ka zama kuma?"

Wilf ya tafi bai ko yi masa sallama ba.

*

Ya koma gangaren shi kaɗai. An riga an janye gawar Tansy, sai sawun tarakta. Wannan karon bai kalli buɗaɗɗen ramin ba. Ya durƙusa ya bi hanyar zomayen baya-baya zuwa bakin gidansu, yana danna ƙasa da tafin hannu.

Bai yi nisa ba ƙasa ta lotsa. Rami ne da aka cike da gaggawa, an tura ƙasa da ƙafa, an jefa ciyawa a karkace. Ya ci gaba. Kusa da bakin gidan zomayen ya kusa wuce na ukun, don sai da ya sa farce ya gano tsagar. An yanke ciyawar gefe uku an bar na huɗu, an buɗe ta kamar murfin akwati, an haƙa, an cike, an mayar da murfin, an daddale da bayan shebur. Ko tunkiya ba za ta san an taɓa wurin ba.

Wilf ya zauna a kan dugadugansa. Ramuka uku a jere, suna bin hanya ɗaya. Mai na'ura rami ɗaya yake haƙawa. Amma kafin na'ura ta zo, in feret mace ta kwanta a ƙasa, babban namiji ake ɗaura wa igiya a wuya a zura shi. Ya je ya kore ta ya zauna a kan zomon. Kai kuma ka haƙa ka ga inda igiya ta nufa, ka matsa gaba ka sake haƙawa, har ka cim masa. Aikin wahala ne, an daina shi tun Denny bai iya ɗaura takalmi ba. Mutum biyu suka rage a Kelbeck da suka san shi, kuma ɗayan Wilf ne.

Ramukan sun ba shi sauran labarin. Na farko aikin gwani ne mai ƙarfinsa. A na biyu ƙarfin ya fara ƙarewa. A na uku ya ƙare, sai ƙirare. A jikin katanga, daf da wurin, gansakuka ta goge inda wani ya jingina bayansa ya daɗe.

Ya tuna shayin da ya huce, da hannayen da suka ƙi fitowa daga bargo. Tun da yake bin sawu bai taɓa fatan ruwa ya wanke masa abin da ya gani ba sai ranar. In ya yi shiru, Denny ya tafi da iyalinsa. In ya yi magana, ya kwance wa mutumin da ya koya masa komai zani a gaban 'yarsa. Ya daɗe a wurin har sanyi ya shiga ƙashinsa, sannan ya tashi ya je gida ya nemi igiya.

*

Ranar Lahadi bayan coci suka taru a kicin ɗin Calvert. Clive ya zo tun ba a kira shi sau biyu ba, ya zauna ya miƙe ƙafa. Denny ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya ƙi kujera. Seth na wurinsa kusa da murhu. Lorna ta tsaya ta jingina da tebur.

"Ina jinka, Kawu."

Wilf ya fara da Clive, ya faɗi kwanson harsashi da zomaye biyu. Clive ya janye ƙafafunsa.

"Wannan ni da kai ne daga baya," Lorna ta ce masa. "Shi ya haƙa?"

"Ba shi ba ne. Tsoron feret yake kamar mutuwarsa."

"To mun dawo inda muka fara."

"Ba mu dawo ba. Ramin ba ɗaya ba ne, 'yata, uku ne." Ya bayyana mata yadda suke a jere, da abin da hakan ke nufi: igiya aka bi, ba na'ura ba, aikin mutanen da.

"Ni ne," Denny ya katse shi da ƙarfi. "Na'urar ce ta lalace, na yi da igiya. Ruwa ya kore ni, na rufe da ƙirare na ce zan dawo, na manta. Ni ne, uwar ɗakina. Ki kira su."

"Ka ji ko!" in ji Clive. "Da bakinsa."

Wilf ya dubi Denny da tausayi da takaici a haɗe. Ya ciro igiya daga aljihu ya ajiye a tebur, ya ciro 'yar farar feret ɗin ya miƙa masa.

"Tunda kai ne, ɗaura mata yadda ka ɗaura ranar."

Denny ya matso. Ya zagaya igiyar a wuyan dabbar, ya yi ƙulli irin na ɗaure buhu. Feret ɗin ta ja gaba, igiyar ta zarge, ta fara kakari tana shure-shure.

"Kai, sakarai, za ka shaƙe ta!"

Bargo ya zame ƙasa. Seth ya miƙo hannaye biyu ya fizge dabbar, ya warware igiyar, ya sake ɗaurawa cikin ƙiftawar ido, ƙullin da ba ya zargewa komai ja. Ya sa ɗan yatsa tsakanin igiya da wuya ya gwada. Sai a lokacin kowa ya ga hannayensa. Tafin hannayensa duka biyu sun yi bororo sun fashe, jajaye, irin na wanda ya daɗe bai riƙe shebur ba ya riƙe. Wilf bai sani ba, har yau kuma bai sani ba, ko mantuwa ce ta kama tsohon ko gajiya ya yi da ɓoyo.

"Baba?" in ji Lorna.

Seth bai ɗago ba. Yana shafa bayan feret ɗin.

"Na je wurin Denny bayan kin tafi gari. Na ce ya ara mini mace da namiji da raga da shebur. Ya ƙi. Na ce masa, hannun nan da na ba ka ranar da kowa ya juya maka baya, yau shi nake roƙo da shi. Ya ce zai bi ni, na ce a gonata ba na bukatar mai reno." Ya ɗago ya dube ta. "Zomo huɗu na kama, Lorna. Huɗu. Sai macen ta kwanta. A rami na uku ƙirjina ya riƙe. Na ce gobe da sassafe zan lallaɓa in cike."

"Washegari da sassafe na ɗaura wa Tansy sirdi. A gabanka na wuce. Ka ɗaga mini hannu ta taga."

"Na ɗaga."

"Ka san ta gangaren nake bi."

"Na ce ko za ki bi ta sama." Ya sunkuyar da kai. "In na faɗa miki, kin san na fita. Na ji tsoronki, 'yata. Na zauna nan ina jin kofatonta har ya ɓace, daga baya na ji bindiga."

Clive ya tashi sum-sum ya fice, karo na farko a rayuwarsa da ya bar wuri ana tsakiyar abin kallo.

Lorna ta daɗe tana kallon hannayen mahaifinta. Sannan ta juya ga Denny.

"Ka ara wa mai ciwon zuciya shebur."

"Na ara, uwar ɗakina."

"Kuma da ka bari an kai ka gidan yari a kan abin da ba ka yi ba."

"Na taɓa zuwa. Shi bai taɓa jin kunya a garin nan ba."

Ta share fuska da bayan hannu. "Na kira ka ɓarawo a ɗakin nan. Gobe a kasuwa zan ce ba kai ba ne, da bakin da na ce kai ne. Izininka na nan. Ka je ka cike ramin kafin duhu."

Ta miƙa masa hannun da ke da lafiya. Denny ya karɓa. Wilf ya saki numfashi, ya ɗauka an gama.

Sai Seth ya miƙa wa Denny feret ɗin, ya dafa kujera ya tashi. Ya ɗauki hularsa daga ƙusa ya sa, ya buɗe ƙofar baya ya fita, ya ja ta a bayansa. Suka dubi juna. Can sai aka ƙwanƙwasa.

Lorna ta buɗe. Mahaifinta na tsaye a kan dakalin da ya shekara hamsin yana tsayawa daga ciki yana sauraron masu roƙo. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, iska na kaɗa ɗan gashin da ya rage masa.

"Sunana Seth Calvert," ya ce. "Na zo neman izini in riƙa bin Denny Hird gangare. Ba zan taɓa shebur ba. Raga kawai zan kafa, in zauna in ji ƙasa tana motsi. Duk ƙofar da na buɗe zan rufe."

Kukan da Lorna ta riƙe tun ranar Juma'a sai yanzu ya zo. Wilf ya ga tana so ta ce to, ya ga bakinta ya fara. Sai idonta ya sauka kan leɓen tsohon, wanda ɗan tashin nan da zagayen kawai sun sa ya yi shuɗi.

"A'a, Baba," ta ce. "Na binne Mama, jiya na binne Tansy. A'a."

Seth ya gyaɗa kai. Shi ya kafa ƙa'idar, ba zai karya ta ba.

"Na gode," ya ce.

Ya mayar da hularsa, ya juya ba waiwaye, ya bi tsakar gida a hankali har bakin ƙofar shinge. Nan ya tsaya da hannu a kan sakata. Wanda aka hana izini, gida yake komawa, shi kuma gidansa na bayansa. Wilf ya sauka daga dakalin ya bi shi, ya kama shi a gwiwar hannu.

"Zo mu shiga, Maigida," ya ce. "Shayinka na hucewa."